Talata: roba a wuya, jijiya a hannu

Tun da safe injin wankin ƙoda ya yi ta ƙara a kan wani dattijo da ya zo daga wajen Tibiri. Ana son jini ya gudana mililita 300 a minti, robar da aka sa masa a jijiyar wuya, wadda jini ke bi zuwa injin, da ƙyar take ba da rabi. Jini ne ya daskare a bakinta. Da muka ɗaga bandejin kuma sai ga gumi ya jiƙa shi sharkaf, fatar wurin ta yi ja. Zafin Maraɗi ba ya barin bandeji ya bushe, ita kuwa robar nan bakinta yana can cikin zuciya, ƙwayar cuta na shiga sai zazzaɓi da rawar ɗari ana tsaka da wanki.

Na ce, "Baba, a rufa mana asiri a bar hannun hagun nan. Kada a ɗebi jini a cikinsa, kada a sa ƙarin ruwa, kada a auna hawan jini." Ya ce, "To, ɗiyata."

A wannan hannu za a yi masa haɗin jijiya, don a riƙa wanki ta nan maimakon robar wuya. Likita zai ɗinke jijiyar da ke bugawa da wadda ke mayar da jini, a wuyan hannu, aikin da likitocin Amurka suka fara wallafa bayaninsa a 1966. Sai a jira mako shida zuwa takwas ta nuna: faɗinta ya kai milimita 6, kada kuma ta nutse fiye da milimita 6 ƙarƙashin fata. Kullum da safe ya ɗora yatsu uku a kanta. In ya ji tana ɗan kaɗawa kamar kyanwa na gurnani, lafiya lau. In ta yi tsit, ya taho ranar, kada ya kwana.

Da la'asar muka yi hirar sabbin na'urori. Ellipsys da WavelinQ, da aka amince da su a Amurka a 2018, suna haɗa jijiyoyin ta ciki, ba yanka ba ɗinki. HeRO kuwa bututu ne da ake binnewa gaba ɗaya ƙarƙashin fata, don wanda robobi suka toshe masa manyan jijiyoyin ƙirji. Ina son ganinsu a nan, wallahi. Amma biyun farko sai jijiyar hannu tana da rai, ga shi yawancin masu zuwa mana allurai sun riga sun cinye tasu.

Kafin Baba ya tafi na ɗaura masa zare ja a wuyan hannun, na kuma gaya wa ɗansa dalili.