Muryar Baba a kan hanyar I-40

Yau da azahar muna kan babbar hanyar I-40 ta Amurka, mun bar Amarillo mun nufi Tucumcari, ina jan 'yar tirelar kwana da na saya kwance, sai na ji "fam!" kamar an harba bindigar toka a bayanmu. Tirelar ta fara kaɗa wutsiya tana fizgar motar. Maman yara sai salati. Ƙafata har ta kai kan birki, sai muryar Baba, Allah Ya jiƙansa, ta faɗo mini, shi da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jan babbar mota tsakanin Kano da Legas: "In taya ta fashe, kada ka kuskura ka taka birki. Riƙe sitiyari gam, ka bar mota ta huce da kanta." Haka na yi har muka gangara gefen titi.

Da na duba tayar, zanenta ko cinyewa bai yi ba, tamkar sabuwa. Amma lambobi huɗun ƙarshe da ke jikinta 2317 ne, wato an ƙera ta a mako na 23 na 2017. Ta tsufa a ajiye, ga zafin kwalta, ni kuma ko iska ban auna ba da safe, sai harbinta da na yi da ƙafa. Auta kuwa farkawa ta yi tana tambaya ko mun iso. Shekara tara da rasuwar Baba, ban taɓa jin kewarsa irin ta yau ba.