Asabar a kan hanyar Aburi

Na yi sallar Asuba a masallacin unguwarmu a Nima, na duba iskar tayoyin kekena da birki, na kunna jar fitilar baya, sannan na kama hanyar Madina ta Tetteh Quarshie da Legon. A Accra rana tana fitowa ne wajen ƙarfe shida, rani da damina, saboda haka duk mai son ya hau tudun Aburi ya sauko kafin zafi da cunkoso su tsananta, tilas ya fita da duhu-duhu. Jiya da dare an yi ruwa, irin na ƙaramar daminar nan ta Oktoba, kuma tun daga Legon na lura cewa ruwan ya kwaso yashi ya shimfiɗa a gefen kwalta, daidai wurin da masu keke suke bi.

A mahaɗar Zango ta Madina na tarar da 'yan ƙungiyarmu ta masu keke sun taru. Jagoranmu dattijo ne ɗan asalin Tamale, garin da keke yake abin hawan kowa, kuma dukanmu Kawu muke ce masa. Yau akwai baƙo, wani saurayi daga Ashaiman mai sabon keke da ƙwauri irin na wanda ya sha motsa jiki. Kawu bai yi masa dogon bayani ba. Ya dubi hular kwanonsa, ya ja maɗaurinta ya ga ta zauna daidai, sannan ya ce, "Ɗana, a nan ba a taka birki ba labari, ba a kuma kauce wa rami a ɓoye. Abin da ka gani, ka faɗa wa na bayanka." Yaron ya ce, "To, Kawu," amma idonsa yana kan agogon auna gudu da ke manne a kan kekensa.

Dalilin da ya sa muke tafiya a jere, taya kusa da taya, ba ado ba ne. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, da zarar gudu ya kai wajen kilomita 30 a awa, mafi yawan ƙarfin da mutum yake zubawa a feda yana tafiya ne wajen tsaga iska, kuma wanda ya laɓe a bayan wani yana samun sauƙin da ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku. Sai dai sauƙin nan yana da farashi, domin wanda ya matso har tsakaninsa da na gaba bai wuce kamu biyu ba, ba ya ganin hanya, bayan ɗan'uwansa kawai yake gani. Ya ba da amanar idonsa ke nan. Shi ya sa na gaba yake nuna rami da yatsa a gefen da ramin yake, yake kaɗa tafin hannu ƙasa-ƙasa idan akwai yashi, yake kai hannu bayansa ya yi nuni idan akwai mota a tsaye da za a kewaye, kuma kowa yana maimaita alamar har ta isa ga na ƙarshe. Shi kuma na ƙarshe nasa aikin shi ne kunne: idan ya ji babbar mota tana tahowa, sai ya ɗaga murya ya ce "mota a baya", maganar ta bi layi zuwa gaba.

Daga Madina zuwa Adenta hanya tana da faɗi, kuma gadojin masu tafiya a ƙasa da aka kammala bayan zanga-zangar da aka yi a 2018 kan yawan kaɗe mutane a hanyar sun rage masu tsallakawa a guje, ko da yake ba su ƙare ba. Abin da ya fi damunmu shi ne motocin trotro, wato ƙananan bas-bas na haya. Direba yana iya tsayawa a duk inda ya hango fasinja, kuma sau da yawa hannun yaron motar da ke leƙe ta taga shi ne kaɗai sanarwar da za ka samu. Dokar Kawu a kan wannan ba ta da sassauci: ba a shiga tsakanin trotro da bakin titi, ko da an ga sarari, domin a nan ne ƙofa take buɗewa, a nan ne kuma fasinja yake dirowa ba tare da ya waiga ba. Tun 1974 Gana ta koma tuƙi ta hannun dama, saboda haka mu ma dama muke riƙewa, a layi ɗaya, mu bar jeri biyu sai inda hanya ta zama wayam. Ga kuma 'yan okada da suke tahowa ta inda bai kamata ba, suna fuskantarka a gefenka, su ma sai an sanar da su.

Bayan shingen Adenta, inda hanyar Dodowa ta rabu da ta Aburi, muka fara karɓa-karɓa a gaba. Wanda ya gama nasa yakan kaɗa gwiwar hannu, ya waiga ya tabbatar babu mota, ya ɗan zame gefe yana rage feda har layi ya wuce shi, sannan ya shige baya. Haka aka yi ta yi lami lafiya a kan kilomita 28 a awa, har aka zo kan baƙonmu. Yana ganin hanya ta buɗe a gabansa ya danna giya, kafin a ce me, agogona ya nuna 35.

Wanda bai taɓa zama a ƙarshen layi ba ba zai san abin da wannan yake jawowa ba. Na biyu yana ganin rata ta buɗe sai ya ƙara ƙarfi, na uku ya makara kaɗan sai ya ƙara fiye da na biyu, haka abin yake girma yana tafiya baya, layin ya miƙe ya tsuke kamar igiyar roba, har na ƙarshe ya zama ko dai yana gudun ceton rai ko yana matse birki. Wanda ya fi shan wuya shi ne mutumin da ya sauka daga gaba yanzu-yanzu, domin ya riga ya gaji, ga shi kuma maimakon ya samu mafaka sai ya ga wutsiyar layi tana tsere masa. Yau Hajiya ce a wannan matsayi, wata ma'aikaciyar jinya daga Maamobi wadda a ganina babu wanda ya kai ta iya riƙe gudu ɗaya a cikinmu. Ina bayanta na sha tafiya mai nisa ban taɓa birki ba.

Kawu, wanda yake na biyu a lokacin, bai bi yaron ba. Ya riƙe gudunsa na da, muka riƙe tare da shi, yaron ya yi gaba shi kaɗai yana tsaga iska ba don kowa ba. A Pantang muka same shi a tsaye yana haki, yana mamakin inda muka maƙale. Kawu ya ba shi lokaci ya sha ruwa, sannan ya ce masa a hankali, ba a gaban kowa sosai ba, "Ɗana, ƙarfinka muna so. Amma idan kana da shi, ka daɗe a gaba, kada ka ƙara gudu. Kafin ka karɓa, ka dubi agogonka, abin da ka gani shi za ka riƙe." Na ji daɗin yadda ya yi maganar, domin na ga ƙungiyoyin da ake yi wa baƙo tsawa a kan titi, kuma irin wannan baƙon ba ya dawowa.

Wajen Oyarifa ne hankalina ya tashi na ɗan lokaci. Wata mai koko ta fito za ta tsallaka da roba a ka, na gaba ya ce "a rage", kowa ya sassauta feda ya shafi birki a hankali. A nan na hango tayar gaban yaron ta shige gefen tayar bayan Hajiya da kusan tafin hannu. Da ta kauce hagu ko kaɗan, da tayoyin sun goga, kuma a irin wannan gogayya na baya ne yake faɗuwa, domin tayar da yake sarrafa keken da ita ce aka ture, sannan duk waɗanda suke bayansa su hau kansa. Na ce masa, "Ƙanina, ja baya kaɗan, tayarka ta shiga." Ya ja. Na ƙara masa da cewa ya daina kafa ido a kan tayar da ke gabansa, ya riƙa duban ta saman kafaɗar mai ita.

A Ayi Mensah, wurin da ake karɓar kuɗin hanya kafin a dakatar da shi a 2021, tudu yake farawa, kuma a nan jeri yake ƙarewa. Gudu ya ragu har iska ba ta da wani tasiri, nauyin jiki da numfashi ne suke magana, saboda haka kowa da takunsa. Ma'aunina shi ne idan ba zan iya faɗin gajeriyar jimla ba tare da na yanke ta ba, to na wuce ƙimata, sai in sauke giya. Ranar Asabar gefen hanyar cike yake da masu tattaki don motsa jiki, wasu da kiɗa, wasu da abin ji a kunne, kuma wajibi ne a yi musu magana tun daga nesa, a ba su fili. Haka nan mai son ya miƙe tsaye a kan feda sai ya sanar, domin a daidai lokacin miƙewar keken yakan ɗan koma baya, ya ci karo da wanda ya matso.

Baƙonmu ne ya fara isa Peduase, kusa da masaukin shugaban ƙasa da aka gina a zamanin Kwame Nkrumah, kuma babu wanda ya ga laifinsa, domin tudu wurin gwada ƙarfi ne. A nan muke jiran juna. Al'adar da na fi girmamawa a wurin Kawu ita ce ba a tashi da zarar na ƙarshe ya iso. Waɗanda suka riga shi sun huta sun sha ruwa, idan aka tashi yana isowa, wanda ya fi kowa bukatar hutu shi ne bai samu ba. Muka wuce Kitase muka isa Aburi, muka ci waakye, wato shinkafa da wake, ba nisa da lambun itatuwan nan da aka buɗe a 1890, ba mu daɗe ba muka juyo.

Gangara ta fi hawa haɗari nesa ba kusa ba, musamman yau da yashi da tsakuwa suka taru a kwanoni. Kawu ya sa muka bar ratar kekuna da dama a tsakaninmu, ya hana wuce juna a kwana, ya kuma tuna mana cewa birki kafin kwana ake taka shi, keke yana miƙe, ba a tsakiyarta ba, da hannu biyu, a matsa a saki don kada ƙarfen taya ya yi zafi. Yaron ya sauko a bayan Hajiya, kuma na ga yana kwaikwayon yadda take sauke fedar waje ƙasa ta ɗora nauyinta a kai.

Da muka dawo Madina cunkoson kasuwa ya riga ya fara, muka tsaya a inuwa aka tayar da maganar da ta daɗe tana yawo: wasu matasa suna so a raba tafiyar gida biyu, masu sauri da masu matsakaicin gudu. Ni ban ƙi ba, amma na ce kada a raba sai daga Ayi Mensah, domin daga Madina zuwa Oyarifa direbobi sun fi ganin jeri mai tsawo, sun fi kuma ba shi hanya. Kawu ya ce a bar maganar sai an ji ta bakin waɗanda ba su zo yau ba. Baƙon ya nemi a sa shi cikin zauren WhatsApp na ƙungiya, aka sa shi. Ni kuma na biya wurin mai gyara a Nima, domin robar birkina ta baya ta cinye yashi a gangarar nan, ya ce in kawo keken ranar Litinin bayan La'asar.