Ranar Gwajin Fitila da Sauti a Yarjejeniyar Wasan Daɓe

Kamfaninmu ƙarami ne, mazauninsa Kaduna, kuma aikinmu shi ne haska dandamali da haɗa sauti ga masu wasan kwaikwayo na daɓe, daga ƙungiyoyin ɗalibai zuwa masu shirya wasan faɗakarwa. A duk takardar yarjejeniyar da muke sa wa hannu, sashen da ya fi tsawo shi ne na ranar gwaji, domin ita ce ranar da ta fi cin ƙarfin ma'aikata da man janareta, alhali 'yan kallo ba sa ganinta, mai biyan kuɗi kuma yakan ɗauka kyauta ce da ke biye da hayar kaya.

'Yan wasa sukan yi makonni suna rihazal a aji ko a tsakar gida, ba fitila ba lasifika. Ranar gwaji ce karon farko da wasansu ke haɗuwa da haske da sauti da labule da kayan dandamali. Kowane sauyin haske yana da lamba, manajan dandamali yana riƙe da rubutun wasan da aka yi wa alama a gefe, idan ya kira lambar sai mai kula da na'ura ya danna. Kafin a kai ga wannan sai an hau tsani an saita kowace fitila a kan wurin da ɗan wasa zai tsaya, an rage faɗinta, an zaɓi launinta, sannan a adana a na'ura. Wurin da sarki zai shigo fada, wanda a wasa bai wuce daƙiƙa goma ba, yana iya tsayar da mu rabin awa, saboda farin rawani yana mayar da haske har fuskar mai shi ta ɓace, sai an sassauta fitilar gaba an ƙaro ta gefe.

Saboda haka muke raba gwajin gida uku a rubuce. Akwai wanda muke yi mu kaɗai da darakta ba tare da 'yan wasa ba, akwai wanda ake tsallake maganganu ana bin wuraren sauyi kawai, sai na ƙarshe wanda ake yin wasan daga farko har ƙarshe cikin tufafinsa. Kowanne muna rubuta ranarsa da lokacin farawa da na tashi, da waɗanda dole su halarta.

Ƙasashen da suka daɗe da ƙungiyoyin ma'aikatan dandamali sun riga sun ƙayyade waɗannan sa'o'i. A Amurka, ƙungiyar 'yan wasa ta Actors' Equity, wadda aka kafa a 1913, ta tanadi hutun minti 5 bayan aikin minti 55, ko minti 10 bayan minti 80, ta kuma amince da wasu ranakun gwaji na aikin awa 10 cikin awa 12. Masu fitila da sauti a can sun daɗe suna kuka da wannan tsari, don su ne ke riga 'yan wasa zuwa, su ne kuma na ƙarshen tashi, har aka yi gangamin neman soke shi bayan rufe gidajen wasa a 2020. A Birtaniya dokar lokutan aiki ta 1998 ta ba ma'aikaci hutun awa 11 tsakanin tashi da dawowa. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta tanadi hutun da bai gaza awa ɗaya ba ga wanda ya yi aikin awa shida ko fiye, amma yawancin yaranmu aikin jinga suke yi, saboda haka abin da muka rubuta da mai wasa, wato wanda ya ɗauke mu aiki, shi ne ke kare su a zahiri. Namu sharaɗin shi ne awa takwas a rana, da tsayawa don salla da abinci, ranar Juma'a kuma a tsaya kafin lokacin masallaci. Duk awar da ta hau bayan haka tana da kuɗinta, kuma wannan kuɗi na ma'aikatan ne, kamfani ba ya taɓa shi. Yaron da ya kwana yana jan waya bai kamata a tura shi kan tsani da safe ba, kuma ban yarda a sassauta wannan ba ko da wane ne ya roƙa.

Muhimmin abu shi ne lokacin da agogo ke fara ƙirga. Mun rubuta cewa yana farawa ne daga sa'ar da aka yi alkawari, muddin mun iso da kayanmu. Idan an iske zauren a kulle, ko ana wani taro a ciki, ko kafinta bai gama kafa bango ba, jiran yana kan mai wasa. Ba za a iya saita haske a kan ƙofar da ba a kafa ba, domin da zarar an matsar da ita taku ɗaya aikin ya koma baya. Idan mu ne muka makara, muna biyan lokacin da aiki ba tare da ƙarin ko sisi ba.

Batun wuta shi ne ya fi jawo saɓani, don haka ba ma barinsa a baki. Takarda tana faɗin wanda zai kawo janareta, da ƙarfinsa, da wanda zai sayi dizal, tana kuma jaddada cewa janaretan da aka yi gwaji da shi shi ne zai yi ranar wasa. Tsofaffin fitilun dandamali kowace tana jan wat 1,000, guda ashirin kaɗai sun kai wat 20,000 kafin a kunna lasifika. Na zamani ba su ci haka ba, amma wutar da ke hawa da sauka tana ƙona su da na'urar da ke sarrafa su. Sannan gurnanin janareta yana shiga makirufo, kuma ranar gwaji ce ake gano nisan da ya kamata a ajiye shi.

Sauran sharuɗɗan gajeru ne. Mutum ɗaya ne ke ba ma'aikatanmu umarni, wato manajan dandamali, darakta ma ta bakinsa yake bi. Sauyin da aka kawo bayan gwajin ƙarshe sai an sake zama a kansa. Kayan da suka kwana a zaure amana ce a hannun mai wasa, shi ke ɗaukar maigadi. Muna karɓar rabin kuɗi kafin alƙalami, ragowar kuma kafin a buɗe wa 'yan kallo ƙofa.

Dandamalin da ke fili yana da nasa sashe daban. Wuri irin gidan wasan Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wanda aka gina da ƙasa a shekarun 1970 aka bar tsakiyarsa a buɗe, ba a iya ganin aikin fitila a cikinsa sai rana ta faɗi, ke nan gwaji na gaskiya yana farawa ne bayan Magariba. A irin wannan wuri muna neman dare biyu a maimakon yini guda, tare da kuɗin motar mayar da ma'aikata gida. Idan kuma damina ce, muna rubuta cewa da zarar hadari ya haɗo za mu kashe wuta mu rufe kaya ba tare da jiran izinin kowa ba, a kuma sa wa gwajin wani daren da aka riga aka ware tun ranar sa hannu.