Laraba, 10 ga Satumba, 2025: muryar da ke ɗaya ɓangaren waya

Aikin safe na yi yau. Bayan mun gama ba tsofaffi abincin rana, shugabarmu ta tara mu a ɗakin hutu, ta ce yau ce ranar yaƙi da kashe kai ta duniya, kuma a madadin lacca za ta kunna mana wani gajeren fim na nan Ingila mai suna The Phone Call. Minti ashirin ne da 'yan kai. Mun zauna da kofunan shayi a hannu, har aka gama ban ga wanda ya kai nasa baki ba.

Labarin ba shi da tarkace. Wata mata mai kunya, Heather, tana aiki a ofishin da masu tunanin hallaka kansu ke bugo waya. Wani dattijo ya kira yana kuka, ya ce sunansa Stan, matarsa ta rasu shekara biyu da suka wuce, shi kuma zaman duniya ya ishe shi. Ya ƙi faɗin inda yake, ya ƙi a turo masa motar asibiti. Abu ɗaya yake roƙo, kada ta kashe wayar ta bar shi shi kaɗai. Jim Broadbent ne ya yi muryar dattijon, kuma har fim ya ƙare ba a nuna fuskarsa ba. Fuskar Sally Hawkins, wadda ta fito a matsayin Heather, ce ta ɗauki dukan nauyin. Kana ganin yadda take haɗiye tsoro, tana lalubo tambayar da za ta sa ya ƙara minti ɗaya yana magana, tana jan sa da hirar kiɗan da yake so ko Allah zai sa ya saki wani abu da za a gano gidansa da shi.

Ni dai Stan ba baƙo ba ne a wurina. A ɓangaren da nake aiki akwai dattawan da matansu suka riga su tafiya. Wani zai yi aski, ya sa rigarsa mai kyau, ya zauna kusa da taga tun safe, alhali ya san babu mai zuwa. Mukan ba su magani a kan lokaci, mu canza zanen gado, mu cike takarda. Zama a saurare su ne ba ya cikin jadawalin aiki.

A bas na karanta tarihin wanda ya shirya fim ɗin, Mat Kirkby. Shekarunsa na farko a sana'ar duk a tallace-tallace da bidiyon waƙa ya yi su, ƙarƙashin kamfanin RSA na Ridley Scott, har ya yi wa mawaƙiya Adele bidiyo tun farkon tashenta. Shi da James Lucas suka rubuta labarin, fim ya fito a 2013, ya ci kyauta a bikin Tribeca na New York a 2014, sannan ranar 22 ga Fabrairu, 2015 ya ɗauki Oscar na gajeren fim. Abin da ya burge ni shi ne haƙurinsa. Mai talla an hore shi ya cusa komai cikin daƙiƙa talatin, ya yi ta sauya hoto kada ido ya gaji. Wannan bawan Allah da ya samu damar faɗin tasa maganar, sai ya kafe kyamara a kan mace ɗaya da wayar tebur, ya bar shirun da ke tsakanin maganganunsu ya yi tsawon da yake yi a gaske.

A daren nan na Oscar wani gajeren fim na gaskiya ma ya ci, a kan ma'aikatan layin wayar da tsofaffin sojojin Amurka ke kira, a garin Canandaigua na jihar New York. Dana Perry, ɗaya daga cikin matan biyu da suka karɓi kyautar, ta tsaya gaban duniya ta ce ɗanta ya kashe kansa, kuma ya kamata a riƙa maganar a fili. Shekararsa 15. Na daɗe ina tunanin uwar nan.

Duk da haka akwai inda raina bai kwanta ba. Stan bai tsira ba, kuma an nuna tafiyarsa da taushi, kamar mai komawa wurin matarsa. Na fahimci dalilin mai fim, yana so a ga cewa ko da ba a ceci mutum ba, zaman da aka yi da shi ba asara ba ne. Amma wanda ke kallo cikin dare da irin wannan tunanin a ransa, ina tsoron abin da zai ɗauka. Da ni ce, da na so a ga mutumin da ya kira, ya kwana, gari ya waye masa. Irin wannan labarin yana da tasirin da aka auna. A 2017 mawaƙin Amurka Logic ya fitar da waƙar da sunanta shi ne lambar layin agajin ƙasar ta wancan lokacin, labarin wanda ya kira ya rayu. Binciken da mujallar likitoci ta BMJ ta buga a 2021 ya samu ƙarin kira kusan 9,900 a kwanakin da waƙar ta fi tashe, tare da raguwar mace-mace 245 daga abin da aka yi hasashe.

Na sauka kusa da tashar jirgin ƙasa. A ƙarshen dandamali akwai ɗan allon Samaritans, ƙungiyar da ke sauraron masu damuwa ta waya, da lambarsu, 116 123, kyauta, dare da rana. Wani limamin coci, Chad Varah, ya kafa ƙungiyar a Landan a 1953. Jana'izar farko da ya jagoranta yana sabon limami ta wata yarinya ce da ta fara ganin jinin al'ada, ta zaci muguwar cuta ce ta kama ta, ba ta da wanda za ta tambaya, ta hallaka kanta. Wannan ya zauna masa a zuciya shekara da shekaru. Ya sa waya a cocin St Stephen Walbrook, kuma da tafiya ta yi tafiya ya lura cewa masu zuwa ganinsa sukan samu sauƙi tun wurin 'yan sa-kan da ke ba su shayi suna sauraronsu kafin layi ya zo kansu. A lokacin yunƙurin kashe kai laifi ne a Ingila, sai 1961 aka soke dokar. Bai jira doka ba.

Bayan isha'i na kira Yaya a Zariya. Na ba ta labarin fim ɗin, ta yi salati.

"Auta, ai wannan abin Turawa ne. Musulmi ya san haramun ne."

Na ce, "Yaya, ya sani. Wanda ciwon damuwa ya danne ma ya sani, shi ya sa yake ɓoyewa."

Na gaya mata Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 720,000 ke mutuwa ta wannan hanya duk shekara, kuma kusan kashi uku cikin huɗu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ne, irin tamu. A Arewa sashe na 231 na Penal Code har yanzu yana tanadin ɗaurin da zai kai shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙuri ya tsira. Ghana ta cire irin wannan doka a 2023. Wa zai buɗe baki in ya san kunya da kotu ne ke jiransa? Addu'a gaskiya ce, haƙuri ma gaskiya ne, ni ma da su nake rayuwa a ƙasar nan. Sai dai mukan yi saurin cewa "ka yi haƙuri" tun mutum bai kai rabin maganarsa ba, shi kuma ya gane an rufe zancen ke nan.

Yaya ta yi shiru. Can ta ce akwai yaron maƙwabta da ya gama jami'a, aiki ya ƙi samuwa, kwanan nan ya daina fitowa ko masallaci, uwarsa na cewa sammu ne. Ta tambaye ni me za ta ce masa in ta je.

Na ce ta tambaye shi yadda yake, ta bar shi ya gama. In ta ji maganar ta karkata can, ta tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba ta saka wa mutum tunanin da ba shi da shi. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi ga likitan ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Shika ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, ruƙiyya kuma ba ta hana ganin likita.

Ta ce gobe in Allah ya kai mu za ta shiga gidan da hantsi, lokacin da uwar take gida, ta fara da ita. Na ce ta kira ni in ta fito, ko ina wurin aiki zan ɗauka.