Kalmar "to" da ta ruɗe mu: darussan shekara 13 a ajin ɗaliban likitanci

A ƙarshen wannan zangon karatu zan miƙa makullin ofis, bayan shekara 13 ina koyar da ɗaliban likitanci ilimin halayyar ɗan Adam, kuma abokan aiki da dama sun nemi in bar wa wanda zai gaje ni wani abu a rubuce. Jadawalin darussa yana nan cikin fayil, kowa na iya ɗauka ya karanta, amma abin da ya sa na rushe shi na sake gina shi a shekarata ta 5 ba ya cikin kowace takarda, saboda haka shi zan rubuta.

Lokacin da na kama aiki ina ganin na gama sanin abin da ke damun aikin likita. Na karanta George Engel, wanda tun a 1977 ya nuna cewa ba a fahimtar cuta ta duban jiki kaɗai, sai an haɗa da tunanin mai ita da kuma mutanen da yake rayuwa a cikinsu. Na karanta binciken da Howard Beckman da Richard Frankel suka wallafa a Amurka a 1984, inda suka naɗi ganawa 74 tsakanin likita da majinyaci, suka tarar da cewa a matsakaici bayan sakan 18 likita yake katse mai ba shi labarin ciwonsa, kuma kashi 23 cikin 100 ne kawai suka samu damar kai maganarsu ta farko ƙarshe. A darasin farko na kowace shekara nakan rubuta 18 da manyan baƙaƙe a allo. Daga nan sai in koyar da matakai 6 na isar da mummunan labari waɗanda Walter Baile da Robert Buckman da abokan aikinsu suka tsara a 2000: a gyara wurin zama, a tambayi majinyaci abin da ya riga ya sani, a nemi iya abin da yake so ya ji, a faɗa masa, a karɓi abin da ya taso masa a zuci, sa'an nan a tsara abin da za a yi. Ɗalibin da ya haddace jijiyoyin hannu da rassansu, matakai 6 ba za su ba shi wahala ba. Sukan zubo mini su a takardar jarrabawa da Ingilishi mai kyau, ni kuma in ba da cikakken maki, in koma gida ina ganin na yi aiki.

Wata ranar Laraba da yamma wani tsohon ɗalibina ya shigo ofis, wanda shi ne ya zo na ɗaya a darasina a shekararsu, a lokacin yana shekarar sanin makamar aiki a sashen tiyata. Na nuna masa kujera bai zauna ba. Ya ce, "Malama, na bi duk abin da kika koya mana, ban tsallake ko ɗaya ba, amma matar ta dawo jiya kuma babu abin da za mu iya yi mata."

Mace ce mai kimanin shekara 40 daga wani ƙauye, uwar 'ya'ya 6, wadda ta zo da ƙullutu a mama. An ɗauki ɗan nama an kai gwaji, sakamako ya nuna sankara, kuma a lokacin ciwon bai wuce inda tiyata za ta taimaka ba. Babban likita yana ɗakin tiyata, sai ya umarci yaron ya yi mata bayani ya ba ta ranar kwanciya. Ya kai ta ɗaki keɓaɓɓe kamar yadda na koyar. Ya roƙi ƙanin mijinta da ya rako ta ya jira a waje, domin na koya musu cewa sirrin majinyaci nasa ne. Ya jawo kujera kusa da ita ya dube ta ido cikin ido, domin na ce musu haka ake nuna kulawa. Ya tambaye ta abin da ta sani game da ciwon, ta ce, "Likita, ai ku ne masana." Ya tambaye ta ko tana so ta ji sakamakon, ta ce, "To." Ya gaya mata ciwon daji ne kuma za a cire nonon, ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Allah ya sa haka ne mafi alheri." Ya tambaya ko tana da tambaya, ta ce babu. Ya rubuta a fayil cewa ta fahimta kuma ta amince. Ranar kwanciya ta zo ta wuce ba a gan ta ba, sai bayan wata 8, ciwon ya fashe ya kuma kai huhu.

Washegari na je ɗakin mata na zauna a kan tabarmar mai jinya, ƙasa da gadonta, muka gaisa doguwar gaisuwa. Sai da na koma sau 3 kafin na tambaye ta, "Yaya, ranar nan da likita ya yi miki bayani, me kika ji?" Ta ce, "Wallahi Hajiya, tun da ya ce daji ban ƙara jin komai ba." A garinsu kowa ya tashi da jin cewa daji ba ya son ƙarfe, idan wuƙa ko allura ta taɓa shi sai ya yi fushi ya bazu, kuma akwai maƙwabciyarta da aka yi wa aiki ta rasu cikin shekarar. Ga yaro namiji, sa'an ɗanta na fari, ya tsura mata ido yana ambaton nono, kunya ta hana ta ɗaga kai balle tambaya. Da ta koma gida maigida ya tambaye ta abin da likita ya ce, bakinta ya kasa furtawa, ta ce masa an ce ta dawo wani lokaci. Mutum ɗaya da zai iya kai saƙon ga wanda zai ba da izini ya kuma nemo kuɗin aiki, shi ne aka bari a waje a kan benci. Suka shiga neman magani wajen masu saiwa, aka yi ta shafe-shafe da jiƙe-jiƙe har abin da aka tara ya ƙare. Ta rasu mako 3 bayan zamanmu na ƙarshe.

Na daɗe ina neman wanda zan raba laifin da shi ban samu ba. Yaron ya yi abin da na ba shi maki a kansa. Waɗanda suka tsara matakan ma ba su da laifi, domin mataki na 2 da na 3 an sa su ne daidai don a gano irin wannan tsoro, ni ce na mayar da su hadda, tambaya da amsa, a wuce. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ni Bahaushiya ce, na san "to" ba ta nufin na yarda, na sha faɗa wa surukaina ita alhali zuciyata tana wani waje. Na san "ba komai" ana faɗinta ne lokacin da akwai komai. Na san mace ba ta duban baƙon namiji cikin ido, kuma babba idan yaro ya zura masa ido yakan ɗauke shi rashin kunya. Duk wannan na ajiye shi a bakin ƙofar aji na shiga da littafi. Cikin takarduna akwai bitar da Roy Kessels ya yi a 2003, wadda ta nuna cewa majinyata kan manta kashi 40 zuwa 80 cikin 100 na bayanin likita nan take, kuma kusan rabin abin da suka riƙe ma ba daidai suka riƙe shi ba. Na koyar da wannan a matsayin adadi da za a rubuta a jarrabawa, ban taɓa sa ɗalibi ya gwada yadda zai gane abin da mutum ya ji ba. Akwai kuma tambayoyin da Arthur Kleinman da abokan aikinsa suka kawo a 1978, cewa a tambayi majinyaci abin da yake ganin ya jawo ciwon, abin da ya fi tsoro game da shi, da irin maganin da yake sa ran samu. Tambaya ɗaya daga cikinsu da ta fito da maganar ƙarfe a rana ta farko, amma na sa su cikin jerin abin da mai sha'awa zai karanta da kansa. Hatta Farfesa Thomas Adeoye Lambo, wanda a 1954 a Aro kusa da Abeokuta ya sa masu taɓin hankali suka zauna a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti tare da ɗan'uwa mai jinya, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya, a matsayin tarihi kawai nake ambatonsa, ban lura cewa darasinsa game da dangi shi ne ɗalibaina suke bukata ba.

Daga wannan shekarar na mayar da rabin darasin zuwa Hausa, kuma a tsaye ake yinsa. Ɗalibi ɗaya ya zama majinyaci, ɗaya likita, wanda bai iya Hausa ba a haɗa shi da tafinta ya ga da idonsa yadda jimla 5 ke komawa kalma 2 a bakin mai fassara. Kafin a fitar da kowa daga ɗaki, ana tambayar majinyaciya a keɓe, "Mama, wa kike so ya zauna da mu?", domin akwai wadda rakiyar ita ce kariyarta, akwai kuma wadda ɗan rakiyar ne matsalarta, kuma ita kaɗai ta san wace ce ita a cikin biyun. Maimakon a tambayi mutum abin da yake zato, ana cewa, "Me mutanen gida suka ce ciwon nan ne?", domin ya fi sauƙi ya ɗora maganar sammu ko iska a bakin wani. A ƙarshe kuma ba a tambayar ko an gane, ana cewa, "Idan kika koma gida maigida ya tambaye ki, me za ki ce masa?" Na hana ɗalibaina rubuta "ta fahimta" a fayil sai sun rubuta kalmomin da ta faɗa da bakinta.

Na kai wa shugaban sashe na lokacin takarda ina neman abu biyu: a yi jarrabawar baka da Hausa tare da mutanen da aka horar su yi kamar majinyata, kuma a ɗauki wasu sa'o'in darasin a kai su aji 4 da aji 5, lokacin da ɗalibai ke shiga ɗakunan marasa lafiya. Na kafa hujja da binciken Mohammadreza Hojat da abokan aikinsa na 2009, wanda ya nuna cewa tausayin ɗaliban likitanci a Amurka yana raguwa ne a shekarar da suka fara hulɗa da majinyata. Bai kai ƙarshen shafin farko ba ya ture takardar ya ce, "Malama, mu likitoci muke yayewa, ba masu hira ba, kuma ke ba ki taɓa riƙe wuƙa ba." Na ce, "Ranka ya daɗe, gaskiya ne, amma matar nan ba a kai ga wuƙar ba." Wannan amsa ce ta jawo mini. A zango na gaba aka rage sa'o'ina da kashi ɗaya cikin uku, aka mayar da abin da ya rage ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kuma ƙarin girmana ya kwana shekara 2 a kan teburinsa. Bayan shekara 4, da tawagar tantance kwasa-kwasai ta zo tana tambayar yadda muke auna iya magana da majinyaci, sai ga takardata a gabansu, da sakin layinta da misalanta, da sunansa a kai. Ina zaune a ɗakin ban ce komai ba, domin abin da nake nema ya samu, jarrabawar tana gudana har yau. Amma zan yi ƙarya idan na ce abin ya fita daga raina, kuma ina ba wanda zai gaje ni shawara ya riƙa sa kwanan wata a duk abin da ya rubuta, ya kuma aika wa mutum biyu kwafe.

Sauran abubuwan da na koya gajeru ne. Ciwon damuwa a nan yakan zo ne da zafi a tsakar kai, da faɗuwar gaba, da abu mai yawo a jiki, da rashin barci, kuma wanda bai tambaya ba zai yi ta rubuta maganin zazzaɓi. Majinyacin da aka yi wa dariya don ya sha rubutu ko an yi masa ruƙiyya ba zai daina ba, faɗa wa likita kawai zai daina. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2003 ya ce a ƙasashe masu arziki ma kusan rabin masu doguwar jinya ne ke shan magani yadda aka ce, don haka faɗa da mai hawan jini ba ya ƙara komai. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta cancanci darasi guda cikakke. Ɗaliban kansu suna fama da damuwa, kuma ƙofar ofis a buɗe ta fi sanarwa a allo jawo su.

Yaron nan yanzu babban likitan tiyata ne. Shekara 2 ya yi bai iya ambaton matar ba, daga baya shi da kansa ya nemi in ba shi sa'a ɗaya a gaban 'yan aji 4, kuma tun daga lokacin bai taɓa fashi ba. Yakan karanta musu layin da ya rubuta a fayil ɗin, sa'an nan ya nemi kowa ya faɗi inda shi zai tsaya ya sake tambaya. Na riga na roƙe shi ya ci gaba da zuwa bayan tafiyata, ya ce, "Malama, ko ba a kira ni ba zan zo." Lambar wayarsa tana shafin farko na fayil ɗin darussa, kuma ranar Talata ce ba ya shiga tiyata.