Yaron da aka haifa a Disamba da masu littafin rubutu

A yammacin Kanada, inda nake zaune, ana fara yanke wa yaro hukunci a wasan hokin ƙanƙara tun bai cika shekara 15 ba. Duk shekara a watan Mayu kulob-kulob ɗin gasar matasa ta WHL sukan zauna su zaɓi yaran da za su cika 15 a wannan shekarar, ɗaya bayan ɗaya. A Ontario da Quebec ana jira sai shekarar da yaro zai cika 16. Daga nan sai babban zaɓen NHL, babbar gasar ƙwararru ta Amurka da Kanada: kulob 32, zagaye 7, matasa 224, kuma sharaɗin shi ne mutum ya cika 18 zuwa ranar 15 ga Satumba. Auston Matthews an haife shi ranar 17 ga Satumba 1997, kwana biyu kacal suka sa ya jira shekara guda, sai a 2016 Toronto ta ɗauke shi a matsayi na farko.

Abin da ke damuna game da wannan tsari shi ne ana gaggawa. Ana auna yaro a lokacin da jikinsa bai gama fitowa ba, sannan a rubuta sakamakon kamar an gama magana.

Nakan je kallon Regina Pats, kulob ɗin WHL na garin Regina, a filin Brandt Centre, kuma tun da wuri na lura da wasu mutane da ke zama can sama a kusurwa, cikin baƙaƙen rigunan sanyi, kofin kofi a gefe, ƙaramin littafi a cinya. Ba sa tafi, ba sa ihu. Su ne masu farautar 'yan wasa da kulob-kulob ɗin NHL ke turowa. Wani dare na samu kujera kusa da ɗaya daga cikinsu, dattijo mai furfura, sai na ga idonsa ba ya bin faifan da kowa ke bi, wato ɗan faifan roba da ake bugawa da sanda a madadin ƙwallo. An harba faifan bayan raga, wani mai tsaron baya ya juya da gudu zai ɗauko shi, kafin ya isa ya waiga kafaɗar hagu, ya waiga ta dama, sannan ya taɓa faifan sau ɗaya ya miƙa wa abokinsa ta jikin katanga. Babu wanda ya yi motsi a cikin 'yan kallo. Dattijon ya sunkuya ya yi rubutu. Da aka tafi hutu na gaishe shi na ce, ranka ya daɗe, me ka gani a nan? Ya ce waigen nan biyu ya zo gani. Yaron da ya san inda zai kai faifai tun kafin ya taɓa shi, in ji shi, zai iya rayuwa idan wasa ya ƙara sauri, wanda kuma sai ya karɓa yake ɗaga kai ya nemi hanya, manya za su manna shi da katanga.

Tun daga ranar na canza yadda nake kallo. Yawan cin da yaro ya yi a gasar matasa yana da amfani, amma sai ka tambaya da wa yake wasa a layi ɗaya, nawa ya ci lokacin da abokan hamayya ke da mutum a waje saboda laifi, kuma shekarunsa nawa idan aka kwatanta da waɗanda yake wucewa. Ɗan shekara 20 da ke cin yara 'yan 16 bai nuna maka komai ba.

Akwai yaran da ba sa bukatar littafin kowa. Connor Bedard ya zo Regina a 2020 da izini na musamman na shiga gasar yana ɗan 15, shi ne na farko da aka ba wannan izini a WHL. A kakar 2022 zuwa 2023 ya ci 71 ya tara maki 143, wato cin da ya yi haɗe da wanda ya taimaka aka ci, a wasa 57. Na gan shi da idona yana jawo faifan kusa da ƙafarsa kafin ya harba, gola bai ma san ta ina abin ya fito ba. Chicago ta ɗauke shi na farko a 2023, kuma ko mai sayar da tikiti a bakin ƙofa zai iya faɗa maka haka shekara biyu kafin nan. Aikin gaske yana kan sauran 223.

Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. A kan Bedard maganar ta zauna. Ta zauna a kan John Tavares da Aaron Ekblad da Connor McDavid, waɗanda duk aka ba su irin wannan izini kuma duk aka ɗauke su na farko a NHL. Amma Sean Day ma ya samu izinin a 2013, saboda yana ɗan 15 jikinsa da gudunsa na babban mutum ne, da lokacin zaɓe ya zo a 2016 sai a lamba ta 81 aka kira sunansa, kuma bai taɓa samun gindin zama a NHL ba. Nail Yakupov shi ne na farko a 2012, cikin 'yan shekaru ya koma Rasha.

Sai ka juya ka dubi garin Moose Jaw, tafiyar ƙasa da awa ɗaya daga Regina. Brayden Point ya tara maki 91 a can a shekarar zaɓensa, 2014, amma aka ce gajere ne, kuma gudunsa a kan ƙanƙara bai kai ba. Sunaye 78 aka kira kafin Tampa Bay ta ɗauke shi. Ya je ya gyara takunsa a hannun Barbara Underhill, tsohuwar zakarar duniya a rawar ƙanƙara wadda ta koma koyar da 'yan hoki, ya ci kofin Stanley, kofin zakarun NHL, a 2020 da 2021, ya kuma zura 51 a kakar 2022 zuwa 2023. Mark Stone na kulob ɗin Brandon shi ma gudu aka ce ba shi da shi, a lamba ta 178 aka ɗauke shi a 2010, shi ne kyaftin ɗin Vegas da ya ɗaga kofi a 2023. Abin da aka ƙi su saboda shi abu ne da ake koya. Abin da suke da shi, wato karanta wasa, shi ne mai wuyar koyarwa, kuma shi ne aka yi wa arha.

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne ƙasa, wajen ƙananan yara. A Kanada ana raba rukunin shekaru daga 1 ga Janairu. Tun a shekarun 1980 wani masanin halayyar ɗan Adam, Roger Barnsley, da abokan aikinsa suka nuna cewa yaran da aka haifa a watannin farkon shekara sun cika manyan gasannin matasa, na ƙarshen shekara kuwa 'yan kaɗan ne. Dalilin ba boyayye ba ne. A shekara 9 ko 10, tazarar wata 11 babba ce. Koci ya ga yaron Janairu ya fi tsayi da ƙarfi, ya sa shi a rukunin farko, can zai samu koci mafi kyau da ƙarin lokaci a kan ƙanƙara da wasanni masu zafi. Bayan shekara huɗu ya fi ɗan Disamba da gaske, amma zaɓen ne ya mai da shi haka.

Ɗan maƙwabcina ɗan Disamba ne. Na sha kai shi atisaye da asuba idan babansa yana aikin dare, ina ɗaure masa igiyar takalmi a ɗakin canza kaya da yatsuna sun ƙage don sanyi. Yaron yana da wannan waigen da dattijon ya nuna mini. A gwajin shiga rukunin farko aka jera su, na ga kansa bai wuce kafaɗar wasu sa'o'insa ba. Ba a ɗauke shi ba. Ya ƙara shekara biyu a rukunin ƙasa, daga baya ya ajiye sandar ya koma ƙwallon kwando, yanzu kuma ya fi babansa tsayi. Ba na cewa da ya kai NHL. Ina cewa ba a taɓa tsayawa an duba ba.

Ga kuma maganar kuɗi. Sanda mai kyau ɗaya ɗaruruwan daloli ce, kuma tana karyewa. Shekara guda a matakin AAA, mafi girma a wasan yara, da tafiye-tafiye da otal da kocin musamman na bazara, dubban daloli ce. Kafin mai littafi ya zo ya zauna a kusurwarsa, aljihun iyaye ya riga ya tace masa yaran. Shi ya sa labarin Jarome Iginla, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, yake taɓa ni: kakansa na wajen uwa ne ya tsaya masa yana yaro a St. Albert, har ya kai Kamloops, Dallas ta ɗauke shi na 11 a 1995, ya gama da ci sama da 600. Yara nawa ne ba su da irin wannan kakan?

Ƙasashe sun bi hanyoyi daban wajen magance wannan. Amurka ta zaɓi tattarawa. A 1996 ta kafa shirin horar da ƙungiyar ƙasa a Ann Arbor, aka mai da shi Plymouth a jihar Michigan a 2015. Ana ɗaukar yara 20 da 'yan kai daga kowane rukuni, 'yan ƙasa da 17 da 'yan ƙasa da 18, su zauna tare shekara biyu, su yi ta atisaye da ɗaga ƙarfe, su kara da kulob-kulob ɗin USHL, gasar matasa ta Amurka, da na jami'o'i, waɗanda suka girme su. A zaɓen 2019 mutum 8 daga wannan shiri aka ɗauka a zagayen farko, Jack Hughes a gaba. Cole Caufield ya ci 72 a wannan kakar, amma saboda gajarta sai na 15 ya fita. Amurka ta ci gasar matasa ta duniya a 2024 da 2025 a jere. Shirin yana aiki, ba musu, sai dai ƙofarsa ƙarama ce kuma a shekara 16 take rufewa. Abin da na fi yaba wa Amurka shi ne wanda ba a cika magana a kai ba: tun 2009 ta tura ƙananan yara su riƙa wasa a faɗin fili maimakon tsawonsa, don kowa ya riƙa taɓa faifai. Kanada sai a 2017 ta wajabta haka ga mafi ƙanƙanta.

Finlan ce ta fi burge ni. Mutanenta ba su wuce miliyan 5 da rabi ba sosai, don haka ba ta da yaran zubarwa. A 2009 masu ruwa da tsaki suka yi taro suka amince cewa a mai da hankali kan ƙwarewar kowane yaro, daga baya hukumar ta ɗauki kocin ƙwarewa ta rarraba su ga ƙananan kulob-kulob. Suka ci gasar matasa ta duniya a 2014 da 2016 da 2019. Ko a can ɗin ma dubi abin da ya faru da layin 'yan gaba uku na Finlan da ya girgiza Helsinki a gasar 2016: a zaɓen NHL Patrik Laine ya fita na 2, Jesse Puljujärvi, gwarzon gasar, ya fita na 4, shi kuwa Sebastian Aho da ke tsakiyarsu tun 2015 Carolina ta ɗauke shi a zagaye na biyu, lamba ta 35. A cikin ukun Aho ne ya zama ginshiƙin kulob ɗinsa shekara da shekaru.

Kanada kuwa yawa take dogara da shi, kulob kusan 60 a gasanni uku, wasa 68 a kaka a WHL, doguwar tafiya a bas cikin dusar ƙanƙara, lokacin atisaye kaɗan. Da Jamhuriyar Cak ta fitar da ita daga gasar matasa ta duniya a wasan kusa da na kusa da ƙarshe a 2024 da kuma 2025, har Latbiya ta doke ta a Ottawa, rediyo ya cika da faɗa a kan wa aka kira wa aka bari. Ni a ganina matsalar ta girmi wannan jerin sunaye da shekara goma.

Abu ɗaya ya gyaru kwanan nan. Da, yaron da ya buga wasa a gasannin matasa na Kanada ya rasa damar buga wa jami'a a Amurka, don haka ɗan shekara 16 ne ke yanke shawarar da za ta bi shi har girma. A Nuwamba 2024 hukumar wasannin jami'o'in Amurka ta soke wannan doka, kuma a 2025 Gavin McKenna ya bar Medicine Hat ya tafi jami'ar Penn State. Wannan ya ba mai jinkirin girma ƙarin shekaru yana wasa a gaban masu littafi har ya haura 20. Saura WHL ta ɗaga nata zaɓen zuwa shekara 16 kamar na Ontario da Quebec, hukumar hokin Kanada kuma ta hana raba yara rukunin farko da na biyu kafin su kai 12.