Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ciwon Cikin Auta

A makon jiya na tsaya ne a inda aka mayar da ni sashen tarin fuka na ɗakin gwaji. Aikina a lokacin bai wuce kaki ba: in shafa a gilashi, in zuba jan rini, in wanke da asid, in bi da shuɗi, in leƙa a na'ura. Ƙwayar tibi tana da kitse mai kauri a jikinta, shi ya sa idan ta sha rinin Ziehl-Neelsen asid ba ya iya fitar da shi. Sai ka gan ta siririya, ja, kwance a kan shuɗi.

Ana cikin haka Autanmu ya fara ciwon ciki. Murɗa a ƙasan cibiya ta dama, gudawa mai zuwa ta tafi, zazzaɓin yamma, ga rama kamar ba ya cin abinci. Inna ta ce shawara ce, maƙwabta suka ce taifot, aka sha saƙe-saƙi har aka gaji. Da aka yi hoto sai aka ga hanji ya yi kauri daidai mahaɗar ƙarami da babba. Likita ya ce tibin hanji yake zargi. Kakinsa babu komai, GeneXpert, gwajin na'ura mai gano ƙwayar tibi, ma bai nuna komai ba, duk da haka aka ɗora shi a kan magani na wata shida: ƙwayoyi huɗu a wata biyun farko, biyu a sauran. Ranar da rifampicin ya mayar da fitsarinsa ja, sai da na yi da gaske kafin Inna ta yarda ba jini ba ne.

Ya shanye maganin tas, ciwo yana nan. Sai aka zura masa na'ura mai kyamara ta ƙasa, aka gutsuro 'yar tsoka daga hanjin aka kai gwaji. A nan muka fara jin sunan cutar Crohn, wato kumburin hanji mai daɗewa.

"Yaya, wato wata shidan nan a banza na sha?" in ji shi.

Ban ce masa a banza ba, har yau kuma ban ga laifin likitan ba. Cututtukan biyu wuri ɗaya suke kamawa, kamanninsu ɗaya a hoto, kuma a ƙasarmu tibi ta fi yawa nesa ba kusa ba. Maganin Crohn, irin su prednisolone, garkuwar jiki yake dannewa. Ka ba mai tibi shi, ka buɗe wa cutar ƙofa ta watsu ko'ina.

Baffanmu, tsohon malamin dabbobi, shi ya jefa ni cikin wani dogon karatu. Ya zo dubiya, ya saurari bayani, ya ce, "Ke 'yar nan, wannan ai ciwon shanu kike faɗa mini. Saniya tana ci tana sha, amma zawo ba ya tsayawa, tana ta ƙanjamewa. In an yanka sai a tarar hanjin ya yi kauri ya tattare."

Ashe ba Baffa ne ya fara lura ba. Cutar shanun sunanta Johne, daga Heinrich Johne wanda shi da Langdon Frothingham suka bayyana ta a Jamus a 1895. Ƙwayar da ke jawo ta 'yar uwar ta tibi ce, ana taƙaita sunanta da MAP. A 1913 wani likitan fiɗa a Glasgow, Thomas Dalziel, ya rubuta cewa hanjin wasu majinyatansa ya yi kama da na shanun nan, shekaru 19 kafin Burrill Crohn da abokan aikinsa su fitar da nasu bayanin a New York a 1932. A 1984 Rodrick Chiodini ya yi nasarar rainon ƙwayar daga hanjin wasu masu Crohn a Amurka.

Abin da ya fi ɗaure mini kai a matsayina na mai gwaji shi ne wahalar kama ta. Tibi da muke kuka da jinkirinta tana tsirowa cikin mako shida zuwa takwas. MAP sai ta kwashe watanni, kuma sai an saka mata wani sinadari mai suna mycobactin a abincinta. Ana kyautata zaton a jikin mutum tana tuɓe kitsen nan nata, don haka jan rinina ba zai kama ta ba. GeneXpert kuwa ƙwayar tibi kaɗai ya sani. Sai dai a nemi wata alama a ƙwayar halittarta, IS900, da gwajin PCR mai gano ƙwayar halitta.

To ko an same ta, ita ta haƙa ramin ko tarar da shi ta yi ta shige? Ana samunta a masu Crohn fiye da masu lafiya, amma ana samunta a masu lafiyan ma. A Ostireliya an ba majinyata magunguna uku masu kashe ta na tsawon shekara biyu, sakamakon da ya fito a 2007 bai nuna sauƙi mai ɗorewa ba. Ni dai ina ganin tana iya zama mai hannu a wasu, ba a kowa ba.

Baffa bai jira hukuncin masana ba. Ya sa Inna ta riƙa tafasa madara kafin ta kafa kindirmo, ko don tibin shanu da kowa ya tabbatar yana bin ɗanyen nono. Auta kuwa aka fara masa sabon magani, kuɗinsa ne ya kai ni ga sayar da filin da na gada. Wannan sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.